Wane Lissafi Ne Ya Fi Hango Girgizar Kasuwa?





Ranar Litinin 19 ga Oktoban 1987, ma'aunin hannayen jari na Dow Jones da ke Amurka ya faɗi da kashi 22.6 cikin 100 a wuni guda. Da a ce farashi yana tafiya yadda littattafan lissafi na wancan zamani suka ɗauka, wato motsin kowace rana ba ruwansa da na jiya, kuma manyan motsi ba sa aukuwa sai nadiran, da ba a sa ran ganin irin wannan rana ko a shekaru biliyoyi. Amma an gan ta. An sake ganin 'yan'uwanta a ƙarshen 2008, aka kuma gani ranar 16 ga Maris 2020, lokacin annobar korona, da ma'aunin S&P 500 ya zube da kusan kashi 12 cikin 100.

Zancenmu na yau ba hasashen inda farashi zai nufa ba ne. Ko gobe hannun jari zai tashi ko zai faɗi, wannan abu ne da masana suka daɗe suna gwadawa, abin da suka samu bai taka kara ya karya ba. Abin da ake iya hangowa shi ne girman motsin: gobe kasuwa za ta yi lumui, ko za ta yi tangal-tangal? Wannan girman motsi, sama ne ko ƙasa, shi zan riƙa kira girgiza. Dalilin da ya sa ake iya hango ta kuwa, wani masanin lissafi, Benoit Mandelbrot, ya lura da shi tun 1963 da ya bi diddigin farashin auduga na shekaru masu yawa: ranakun babban motsi suna zuwa ne a jere, ranakun lumana ma a jere. Kamar damina ce. Manomi ba zai rantse maka cewa ranar Laraba za a yi ruwa ba, amma idan Agusta ta kama ya san mako ba zai wuce a bushe ba.

Wa ya damu da wannan hasashe? Na farko bankuna. Tun 1996 Kwamitin Basel mai tsara wa bankunan duniya ƙa'idoji ya yarda manyan bankuna su auna haɗarin kasuwancinsu da lissafin kansu, a kan sharaɗin su ajiye jarin kariya gwargwadon abin da lissafin ya nuna. Aka kuma gindaya musu jarrabawa: banki ya faɗi iyakar asarar da bai kamata ya wuce ba sai sau 1 a ranaku 100, sannan a duba ranakun ciniki 250 da suka shige. Idan asara ta tsallake iyakar sau 4 ko ƙasa da haka, lafiya lau. Daga 5 zuwa 9, a ƙara masa nauyin jari. Daga 10 zuwa sama, lissafinsa ya shiga tuhuma. Bayan bankuna akwai masu kula da kuɗin fansho, da kamfanonin inshora, da ɗan kasuwar da ya yi odar kaya da dala zai biya bayan wata uku. Hasashen da ya yi ƙasa yana jefa mutum cikin asarar da bai shirya mata ba. Wanda ya yi sama kuma yana daskarar da kuɗin da ya kamata su yi aiki.

Bari in ɗauko tsare-tsaren lissafi uku in gwada su a gabanku da misali ɗaya, domin a nan bambancinsu yake fitowa fili. Lambobin misali ne, amma lissafin daidai yake. Ku riƙe abu guda: masana suna ninka motsin kowace rana da kansa, domin tashin kashi 2 da faɗuwar kashi 2 su zama abu ɗaya, wato 4. Mu ɗauka akwai kasuwar da ta shekara tana motsin kashi 1 cikin 100 kullum. Yau da yamma sai ta faɗi da kashi 5. Biyar sau biyar, 25.

Tsari na farko shi ne mafi tsufa: a tara ranaku 250 na baya a raba daidai. Ranaku 249 kowace tana da 1, ta yau tana da 25, jimla 274, a raba da 250, an sami kusan 1.1. Hasashensa na gobe ke nan motsin kashi 1.05, tunda 1.05 sau 1.05 shi ke ba da kusan 1.1. Kasuwa ta kama da wuta, shi kuwa ko gezau. Abin da ya fi wannan muni, bayan ranaku 250, idan wannan rana ta fice daga lissafi, hasashen zai sauko kwatsam alhali babu abin da ya faru a kasuwa.

Tsari na biyu shi ne wanda bankin J.P. Morgan ya fitar wa duniya a 1994 da sunan RiskMetrics. Shi yana ba hasashen jiya nauyin 0.94, ya ba labarin yau 0.06. Wato 0.94 a haɗa da 0.06 sau 25, wato 1.5, an sami 2.44, wanda yake daidai da motsin kashi 1.56. Wannan ya farka. Sai dai idan ka tambaye shi jibi, ko wata mai zuwa, ko baɗi, amsarsa ɗaya ce, 1.56, domin ba shi da wani matsayi na asali da yake komawa.

Na uku shi ne GARCH. Asalinsa aikin Robert Engle ne, Ba'amurke, wanda ya ƙirƙiro tsarin ARCH lokacin da yake ziyarar bincike a Landan, ya buga shi a 1982, ya kuma gwada shi a kan hauhawar farashin kaya a Birtaniya. Wannan aiki ne ya ba shi kyautar Nobel a 2003 tare da Clive Granger. Ɗalibinsa Tim Bollerslev, ɗan ƙasar Denmak, ya faɗaɗa shi a 1986. Nau'in da aka fi amfani da shi, GARCH(1,1), lambobi uku kawai yake buƙata: ɗan ƙaramin tushe da ba ya canzawa, nauyin labarin yau, da nauyin hasashen jiya. Mu ba su 0.02 da 0.08 da 0.90, lambobin da suke kusa da abin da akan samu a kasuwannin hannun jari. Sai mu ce 0.02, a ƙara 0.08 sau 25 wato 2, a ƙara 0.90. Jimla 2.92, motsin kashi 1.71 ke nan. Ga inda ya sha bamban: tunda 0.08 da 0.90 sun haɗu sun ba da 0.98, ba su cika 1 ba, kowace rana abin da ya ƙaru a kan matsayin asali yana raguwa da kashi 2 cikin 100. Bayan ranakun ciniki wajen 34 rabinsa ya tafi, hasashen ya dawo wajen 1.4, a hankali har ya koma gida. Yana firgita da wuri, yana kuma hucewa sannu a hankali, kuma haka kasuwa take yi.

Da GARCH ya karɓu, sai gyare-gyare suka yi ta kwarara. Wasu suna da tushe mai ƙarfi. Tun 1976 Fischer Black ya lura cewa a kasuwar hannun jari faɗuwa ta fi tashi tayar da hankali: faɗuwar kashi 5 tana jawo girgizar da tashin kashi 5 ba ya jawowa. GARCH na asali ba ya ganin wannan, tunda ya riga ya ninka motsin da kansa, alamar ta ɓace. Daniel Nelson ya magance matsalar da EGARCH a 1991, Glosten da Jagannathan da Runkle suka kawo tasu hanyar a 1993. Wasu suka gyara zaton da ake yi game da yawan manyan ranaku. Wasu kuwa, gaskiyar magana, ƙarin haruffa ne a gaban suna da ƙarin lambobi a cikin lissafi, kowa da takardarsa, kowace takarda tana nuna nata ne ya ciri tuta.

To a nan gizo ke saƙar. Yaya za a yi kowa ya zama zakara?

Amsa ta farko: girgiza ba abu ba ce da ake gani da ido. Mai hasashen ruwan sama yana da ma'aunin da zai leƙa da safe. Mai hasashen girgiza ba shi da shi. An daɗe ana gwada hasashe da motsin rufewar kasuwa na rana ɗaya, kuma wannan alƙali ne mai raunin gani. Ku ɗauki ranar da farashi ya faɗi da kashi 3 da hantsi, ya farfaɗo da azahar, ya rufe daidai inda ya buɗe. A littafi an rubuta sifili, alhali dillalai sun wuni cikin zufa. Da irin wannan awo aka yi ta zargin GARCH da rashin amfani a shekarun 1990, domin an ga bai bayyana ko kashi 5 cikin 100 na abin da ke faruwa ba. A 1998 Torben Andersen da Bollerslev suka ɗauki canjin dala da mak na Jamus da yen na Japan, suka auna motsin kowane minti 5, wato awo 288 a kwana guda tunda kasuwar canji ba ta barci, suka tara su. Da wannan sabon ma'auni, GARCH ɗin da aka raina ya bayyana kusan rabin abin da ke faruwa a canjin dala da mak. Tsarin bai canza ba, alƙalin aka canza. A ganina wannan shi ne darasi mafi nauyi a fannin nan gaba ɗaya, kuma har yau ana rubuta kundin digiri ba a kula da shi ba.

Akwai kuma batun yadda ake ƙirga kuskure. Wani ma'aunin yana hukunta hasashen da ya yi sama da wanda ya yi ƙasa daidai wa daida. Wani ya fi tsananta wa wanda ya yi ƙasa, kuma shi ya fi dacewa da mai tsaron haɗari, domin wanda ya raina girgiza shi ke shiga uku. Andrew Patton ya nuna a 2011 cewa idan abin da kake awo da shi yana da hayaniya, da yawa daga ma'aunan kuskure da aka saba amfani da su suna iya ɗora tsari mara kyau a kan mai kyau. Kaɗan ne suke tsira daga wannan, cikinsu akwai ma'aunan da ake kira MSE da QLIKE. Saboda haka idan wani ya ce tsarinsa ya yi nasara, a tambaye shi da wane ma'auni.

Amsa ta biyu ita ce sa'a. Idan ka gwada tsare-tsare 100 da ba su fi juna komai ba, ka yi musu jarrabawar da ke barin kuskure sau 5 cikin 100, wajen 5 daga cikinsu za su fito kamar gwanaye. Idan mai bincike ya buga labarin waɗannan 5 ya yi shiru a kan 95, bai yi ƙarya a lambobi ba, amma ya ɓatar da mai karatu. Haka kuma tsari mai lambobi da yawa kullum zai fi dacewa da alƙaluman da aka gina shi a kansu, domin ya haddace su ne. Jarrabawa ta gaskiya ita ce a ɓoye masa shekarun ƙarshe, a sa shi ya yi hasashensu rana bayan rana, kamar yadda zai yi a bakin aiki.

Wannan ne ya sa aikin Peter Hansen da Asger Lunde na 2005 ya zama zakaran gwajin dafi. Sun tara tsare-tsare 330 na dangin ARCH, suka auna su da alƙaluman cikin rana, a kan kwanakin da tsare-tsaren ba su gani ba, da jarrabawar da ke cire rabon sa'a. Tambayarsu ɗaya ce: akwai wanda ya kayar da GARCH(1,1)? A canjin dala da mak ba su sami hujjar cewa wani ya fi shi ba. A hannun jarin kamfanin IBM kuwa ya sha kaye, kuma waɗanda suka kayar da shi su ne masu bambanta faɗuwa da tashi. Ku duba yadda sakamakon ya yi ma'ana. A kasuwar canji, faɗuwar dala tashin mak ce, babu ɓangaren da ya fi wani zama mugun labari. A hannun jari kuwa faɗuwa tana cinye jarin masu kamfani, nauyin bashi ya ƙaru a kan abin da ya rage, tsoro ya shiga. Gyaran da ya yi nasara shi ne wanda yake da dalili a cikin yadda kasuwar take. Sauran ɗaruruwan ba su ƙara komai na a zo a gani ba.

Babban ci gaban da aka samu bayan haka daga alƙaluma ya fito. Tunda ana iya auna girgizar kowace rana daga motsin mintoci, me zai hana a yi hasashe da ita kai tsaye? Fulvio Corsi ya buga tsarin HAR a 2009, kuma sauƙinsa har yana ba da mamaki: girgizar gobe ana samo ta ne daga ta jiya, da matsakaiciyar ta kwanaki 5 da suka wuce, da ta kwanaki 22. Hujjarsa ita ce kasuwa ta ƙunshi masu saye da sayarwa a wuni, da masu duba littafinsu mako-mako, da masu haƙurin wata. Ɗalibin da ya iya lissafin dangantaka na ajin farko zai iya gina shi, amma inda akwai alƙaluman cikin rana yakan wuce GARCH da ke dogaro da farashin rufewa kaɗai. Ko hanyoyin koyar da kwamfuta na zamani, da HAR ake fara auna su, kuma ribar da suke samu a kansa takan zo ne idan an ba su ƙarin bayanai, tana kuma bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa.

Zan ratsa ta kan wani ma'aunin kuma, VIX, a gurguje. Kasuwar Shikago ta fara fitar da shi a 1993, kuma ba tarihin farashi yake kallo ba, yana karanto girgizar kwanaki 30 masu zuwa ne daga kuɗin da mutane ke biya don sayen kariya daga faɗuwa ko tashin S&P 500. Idan yana 16, kasuwa tana sa ran motsin kusan kashi 1 a rana. Ya rufe a 80.86 ranar 20 ga Nuwamban 2008, ya rufe a 82.69 ranar 16 ga Maris 2020. Yana da fifikon sanin abin da ke tafe, kamar zaɓe ko zaman babban banki. Amma a yawancin lokaci yana ɗara abin da ke faruwa daga baya, domin kuɗin tsoro yana cikinsa.

Yanzu ga inda dukkansu suke durƙushewa, kuma nan ne zancen ya iso ƙofar gidanmu. A watan Satumban 2011 babban bankin Suwizalan ya kafa doka cewa yuro ɗaya ba zai sauka ƙasa da faran ɗin ƙasar 1.20 ba. Shekara uku da 'yan watanni farashin yana kwance, kowane tsari yana nuna girgiza ta yi ƙasa ƙwarai, dillalai suna ba abokan ciniki damar cin bashi mai yawa a kan ɗan jari kaɗan. Ranar 15 ga Janairun 2015 bankin ya janye hannunsa ba sanarwa. Cikin mintoci yuro ya rufta zuwa wajen 0.85 kafin ya ɗan farfaɗo, kamfanonin dillanci suka tafka asara, wasu suka rufe. Babu GARCH ko HAR da ya hango ranar, domin tarihin da suke karantawa tarihin farashin da aka ɗaure ne.

Mu ma mun ga irinsa. Daga 2015 zuwa tsakiyar 2016 farashin dala a hukumance yana tsaye tsakanin naira 197 da 199. Ranar 20 ga Yunin 2016 Babban Bankin Nijeriya ya sassauta, dala ta kai wajen naira 280 a wuni guda. Ranar 14 ga Yunin 2023 aka haɗe kasuwannin canji, dala ta tashi daga wajen naira 470 zuwa sama da 650. 'Yan'uwanmu na Nijar ba su manta da Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya, faran ɗin Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Wanda ya zuba farashin hukuma na irin waɗannan shekaru cikin GARCH zai sami lambobi, kwamfuta ba za ta ƙi ba, amma lambobin ba su da ma'ana. Tun 1990 Lamoureux da Lastrapes suka nuna cewa idan akwai irin wannan karyewa a tsakiyar alƙaluma ba a kula da ita ba, nauyin nan biyu na GARCH, na labarin yau da na hasashen jiya, suna kumbura jimlarsu ta kusanci 1, mai bincike ya ɗauka girgiza ba ta mutuwa, alhali zamani biyu mabambanta ya cakuɗa. Akwai tsare-tsaren da ke ba da damar sauyin zamani, waɗanda suka samo asali daga aikin James Hamilton na 1989, kuma suna taimakawa wajen fayyace abin da ya wuce. Amma sanin ranar da gwamnan babban banki zai sa hannu ba aikinsu ba ne. A irin wannan kasuwa alamar haɗari tana wajen jerin farashin: tazarar da ke tsakanin farashin hukuma da na 'yan canji, yawan kuɗin ajiyar ƙasa na waje, farashin ɗanyen mai, da tulin buƙatun dala da bankuna suka kasa biya. 'Yan canjin Wapa a Kano suna karanta waɗannan alamu kullum.

Hukuncina ke nan bayan duk wannan kwatance. Inda ba ka da komai sai farashin rufewa, GARCH(1,1) shi ne mafari, kuma a hannun jari ka ƙara masa gyaran da ke bambanta faɗuwa da tashi. Inda kake da alƙaluman mintoci a kasuwa mai yawan ciniki, fara da HAR. A kasuwa mara yawan ciniki, inda hannun jarin wani kamfani kan kwana ba a taɓa shi ba, ko kuma doka ta iyakance yawan motsin da zai yi a rana kamar yadda yake a kasuwar Legas, shirun farashi ba shaida ba ne cewa haɗari ya ragu. Kuma wanda ya yi nasara a hasashen gobe ba lalle ne ya yi nasara a hasashen wata guda ba, kamar yadda muka gani tsakanin RiskMetrics da GARCH.

Ku ɗalibai masu shirin rubuta kundi a kan naira ko kasuwar hannun jarinmu, ina roƙonku abubuwa kaɗan. Ku zana alƙalumanku ku kalle su da ido kafin ku taɓa kowane tsari, ku sa alama a kan kowace rana da hukuma ta sauya doka. Ku ware shekarun jarrabawa tun farko, kada ku leƙa su. Ku faɗi adadin duk tsare-tsaren da kuka gwada, har waɗanda suka faɗi. Idan kuma sakamakonku ya nuna tsohon tsari mai lambobi uku bai kayu ba, ku rubuta haka ba tare da jin kunya ba, domin ma'aikacin banki ko na fansho da zai karanta aikinku dukiyar mutane ce a hannunsa. Malamai masu duba waɗannan ayyuka, ku ma don Allah ku karɓi irin wannan sakamako a matsayin bincike cikakke.